Zullumin Jiran Adimishan: Lacca Ga Masu Neman Digiri Na Biyu Da Na Uku

An ɗauko wannan rubutu daga faifan muryar wata lacca da aka gabatar wa matasan da suka nemi gurbin ƙarin karatu a gida da waje. An rage gaishe-gaishe da maimaici, an bar tambayoyi uku daga cikin waɗanda aka yi a ƙarshe.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da iyayenmu da ke zaune a nan, da ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa.

Yawancinku kun riga kun sauke naku nauyin. Kun rubuta takardar bayanin manufa, kun yi sintiri wajen malamai har sun rubuta muku wasiƙun shaida, kun biya kuɗin fom, kun tura. Saura jira. Jiran nan kuwa yana cin rai fiye da yadda mutane suke faɗa a fili. Akwai wanda rabonsa da barcin kirki mako uku ke nan. Akwai wadda take buɗe imel ɗinta sau talatin a wuni, kowane ƙaran waya gabanta ya faɗi. Akwai wanda ya daina zama a majalisa don gudun tambayar "yaya labarin tafiya". Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, shirun da kuke ji daga jami'a ba amsa ba ne, jira yana da kalandarsa, kuma akwai aikin da ake yi a cikinsa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin yake tayar da hankali haka. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa sun auna wannan magana. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan sun sa mutum 45 wani wasa a kwamfuta. Ana nuna wa mutum dutse, ya yi hasashen ko akwai maciji a ƙarƙashinsa. In akwai macijin, sai a ɗan ja shi da wutar lantarki a hannu. Suna auna gumin fata da buɗewar ƙwayar ido, suna kuma tambayar mutum yadda yake ji. Sai suka ga hankalin mutane ya fi tashi a daidai lokacin da yiwuwar shan wutar take rabi da rabi. Wanda ya tabbata wutar za ta ja shi ya fi natsuwa a kan wanda bai san ko za ta ja shi ba. To, a nan mai jiran adimishan yake zaune, a kan rabi da rabi, wata biyu, wata uku, wani lokaci wata shida.

A irin wannan hali jiki yana sakin sinadaran shirin gudu ko faɗa, adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya koma sama-sama, ciki ya ƙulle, abinci ya fita daga rai, barci ya yi nisa. An halicci wannan shiri ne don hatsarin da yake wucewa cikin mintuna. In ya zauna a jiki wata da watanni, sai mutum ya fara ciwon kai da saurin fushi da mantuwa. Saboda haka wanda yake jin waɗannan abubuwa kada ya ɗauka raunin imani ne ko ragwanci. Jiki ne yake aikinsa a inda ba a buƙatarsa.

Akwai wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid, Kate Sweeny, wadda ta daɗe tana nazarin jira shi kansa. Ta bi ɗaliban lauya a Kalifoniya, waɗanda suke rubuta jarrabawar shiga aikin lauya a watan Yuli, sakamako ya fito a Nuwamba. Ta ga fargaba ta fi zafi a wuri biyu: kwanakin farko bayan an gama, da kwanakin ƙarshe gab da fitowar sakamako. A tsakiya takan lafa. Wannan yana da amfani a gare ku. Amma ba za ku san farko da tsakiya da ƙarshen jiranku ba sai kun san kalandar inda kuka nema, kuma a nan ne yawancin ɗalibai suke wahalar da kansu a banza.

Mu ɗauki Amurka. Yawancin sassan digiri na uku suna rufe karɓar takardu a Disamba, wasu su kai Janairu. Bayan rufewa akwai hutun ƙarshen shekara, babu wanda yake zama kan takardunku. Kwamiti yakan fara zama a Janairu. Masu yin intabiyu sukan gayyaci mutane a Janairu da Fabrairu. Wasiƙun karɓa sukan fara fita daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, kuma ba rana ɗaya suke fita ba, kashi-kashi ne. Wasiƙun ban-haƙuri galibi su ne na ƙarshe, domin sashe yana so ya ga wa ya amince wa ya ƙi kafin ya rufe ƙofa. Sannan akwai wata yarjejeniya da jami'o'in Amurka da dama suka sa wa hannu, cewa duk wanda aka ba shi gurbi tare da tallafin kuɗi yana da har zuwa 15 ga Afrilu kafin ya ce e ko a'a. Ma'anar wannan ita ce, wanda aka saka a jerin jira yakan ji labari ne a makon da ke kewaye da 15 ga Afrilu, lokacin da waɗanda suka samu wuri uku ko huɗu suke zaɓar ɗaya su saki sauran. Ɗalibin da ya tura takarda ranar 1 ga Disamba ya fara hana kansa barci ranar 20 ga Disamba, yana damuwa ne kan takardar da ba a ko buɗe ta ba.

Ingila tsarinta daban. Yawancin digiri na biyu ana duba takardu ne yadda suka shigo, amsa takan zo cikin makonni, kuma jami'a takan rubuta a shafinta tsawon lokacin da take ɗauka. Amsar iri biyu ce: gurbi mai sharaɗi, wato sai ka kawo sakamakon IELTS, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, ko cikakken tiranskirif, takardar makin duk darussan digirinka, ko wani abu, da gurbi marar sharaɗi. Inda dogon jiran yake shi ne kuɗi. Tallafin Chevening, misali, ana rufe nemansa ne a ƙarshen shekara, a yi intabiyu bayan an shiga sabuwar shekara har zuwa Afrilu, sakamako ya fara fita a Yuni. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana nemansa a Janairu da Fabrairu, sakamakon ƙarshe ya zo wajen Agusta. A gida kuma, a jami'o'inmu kamar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri, takarda tana bi ta sashe, ta je makarantar karatun gaba da digiri, a fitar da sunaye kashi na farko, daga baya na biyu. Kalandar gida tana iya motsawa saboda abin da bai shafi ɗalibi ba ko kaɗan. Kun tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda ya jirkita zangon karatu na jami'o'in gwamnati da dama.

Don haka aikin farko yau da daddare: ɗauki takarda, ja layi huɗu. Sunan jami'a ko tallafi, ranar da ka tura, ranar da su da kansu suka ce amsa za ta fito, da ranar da za ka tuntuɓe su in ka ji shiru, wato mako biyu bayan ranar da suka ambata. Manna takardar a bango. Kafin ranar layi na uku, shiru ba ya nufin komai.

Yanzu maganar duba waya, wadda ita ce babbar cutar wannan lokaci. Duk sanda gabanka ya faɗi ka buɗe imel ka ga babu komai, kana samun sauƙi na ɗan daƙiƙu. Ƙwaƙwalwa ta koyi darasi: in fargaba ta zo, a duba. Bayan minti goma fargabar ta dawo, a sake dubawa. Kuma tunda wani lokaci akan iske saƙo, wani lokaci babu, abin yana kama mutum irin kamun da caca take yi, domin ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi ɗaure ɗabi'a. Maganinsa shi ne a ba dubawar lokaci tsayayye, sau biyu a rana. Ina ba da shawarar ƙarfe tara na safe da ƙarfe biyar na yamma. Ga dalili. A lokacin hunturu agogon Niyok yana bayan na Kano da Yamai da awa shida, na Kalifoniya da awa tara. Ofishin da ya buɗe ƙarfe tara na safe a Niyok, a nan ƙarfe uku na rana ne, zai rufe ƙarfe sha ɗaya na darenmu. Wanda ya ce sai ya ga saƙo da zafinsa, to ya sayar da barcinsa. Saƙon da ya shigo ƙarfe ɗaya na dare yana nan da safe, babu jami'ar da take janye gurbi don ba a amsa cikin awa takwas ba. Kashe ƙarar sanarwar imel. Kada ya zama abin farko da za ka gani in ka farka, kada ya zama na ƙarshe kafin ka kwanta.

Akwai abubuwa uku da suke sa saƙo ya ɓata da gaske, ku gyara su sau ɗaya ku huta. Akwatin saƙonnin banza, ku leƙa shi a cikin dubawar safe. Ma'ajiyar Gmail kyauta gigabait 15 ce, in ta cika da hotuna da bidiyo saƙo ba zai shigo ba, ku duba nawa ya rage. Sannan wasu jami'o'i a fotal ɗinsu suke saka amsa ba a imel ba, ku tabbata kalmar sirrinku tana aiki, ku shiga sau biyu a mako. Shafin intanet na TheGradCafe da rukunonin WhatsApp da Telegram inda kowa yake sanar da nasa sakamako, ni ban ga amfaninsu ga mai fargaba ba. Wani ya rubuta an ɗauke shi a sashen da ka nema, ba ka san malamin da ya ɗauke shi ba, ba ka san ko kashi na farko ne cikin uku ba, amma ka kwana kana lissafin ka faɗi. In ba za ka iya fita ba, ka rufe bakin rukunin, ka leƙa sau ɗaya a mako.

Tunanin kansa fa, wanda yake zuwa ba sallama? Cewa mutum "daina tunani" ba ya aiki, yana ma ƙara shi. Akwai hanyar da wani masani, Thomas Borkovec, da abokan aikinsa suka bayyana tun 1983, kuma har yau masu ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa suna amfani da ita. Ka ware wa damuwa lokacinta, minti 20 zuwa 30, wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum. Bayan La'asar ya dace, ba kan gado ba, ba gab da barci ba. In tunani ya zo da hantsi, rubuta shi a layi ɗaya a ƙaramin littafi, ka ce masa sai La'asar, ka koma kan abin da kake yi. In lokacin ya yi, buɗe littafin ka raba abin da ka rubuta gida biyu. Wanda akwai abin yi a kansa, kamar "fasfo ɗina ya kusa ƙarewa", rubuta matakin farko da ranar da za ka ɗauke shi. Wanda babu abin yi, kamar "ƙila ba su ji daɗin sakin layi na biyu na takardata ba", ja masa layi. Inda mutane suke kuskure shi ne su gwada kwana biyu su ce ba ya aiki. A ba shi mako biyu. Kuskure na biyu shi ne a bar minti 30 ya zama awa biyu, don haka a saita agogo. Kuma kada ku sake karanta takardar da kuka riga kuka tura. Za ku ga waƙafin da ya ɓata, ba ku da ikon gyara shi, kun dai sayi damuwar mako guda.

Sai jiki. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma rashin barci yana ƙara fargabar washegari, fargabar kuma ta sake hana barci. Ka tsayar da lokacin tashi, kada ka canja shi ko da daren bai yi daɗi ba. In ka kwanta kamar minti 20 barci ya ƙi, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi karatu ko zikiri, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro da lemukan ƙarin kuzari yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha shayi mai kauri a teburin mai shayi ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu na dare rabin yana nan yana aiki. A tsayar da shi daga Azahar. Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar. Ba sai an sayi komai ba.

In gaba ya faɗi nan take, numfashi ne abin da ya fi kusa da hannu. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ciki ya ɗago ba kafaɗa ba, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida. Wannan ya ba ka numfashi shida a minti ɗaya. Yi minti biyar. Sirrin yana wajen fitarwa: fitar da iska a hankali shi yake rage bugun zuciya. Mutane da yawa in an ce su yi dogon numfashi sai su riƙa zuƙar iska da ƙarfi da sauri, wannan yana rage iskar kabon da ke jini, ya kawo jiri da tsikarin yatsu, mutum ya ƙara firgita. Ku koye shi lokacin da kuke cikin natsuwa, safe da yamma, don ya zo muku da sauƙi ranar buƙata.

Farfesa Sweeny da ɗalibanta sun gwada wani abu kuma. Sun sa mutanen da ke jiran wani sakamako su buga wasan Tetris, wasu a matakin da ya yi musu sauƙi ƙwarai, wasu a matakin da ya fi ƙarfinsu, wasu a matakin da yake tafiya daidai da iyawarsu. Na ukun su suka fi samun sauƙin zuciya. Darasin ba na wasa ba ne, na irin aikin da yake cinye hankali ne: aikin da ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan, kuma kana ganin ci gabanka a cikinsa. Gungura Facebook da TikTok ba ya cikin wannan, domin rabin ƙwaƙwalwa tana nan a sake tana saƙa da warwara. Hadda tana ciki. Ɗinki, koyon manhajar lissafin bincike irin su R ko SPSS, koyar da yara darasi, mayar da kundin digirinka na farko maƙalar da za a tura mujalla, koyon Jamusanci ko Turkanci ko Faransanci, duk suna ciki. Awa ɗaya zuwa biyu kullum.

Mafi alherin abin da za a cika wannan lokaci da shi kuwa shi ne aikin da dole sai an yi shi in amsa ta zo da kyau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duba ranar ƙarewar fasfo. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, na GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, shekara biyar, lissafa ko naka zai kai ranar fara karatu. Nemi tiranskirif tun yanzu, shi ne abin da ya fi jinkirta ɗalibanmu. Mai nufin Ingila ya sani cewa kuɗin da zai nuna wa ofishin biza sai sun kwana 28 a jere a asusu ba su yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko na rana ɗaya, kuma takardar gwajin tarin fuka wata shida take aiki, haka lambar CAS, wato lambar tabbatar da gurbi da jami'a take bayarwa don neman biza, don haka ba a yin gwajin da wuri fiye da kima. Ma'aikaci ya karanta ƙa'idar hutun ƙaro karatu ta wurin aikinsa. Kada kowa ya ajiye aiki, ko ya sayar da fili ko mota, kafin takardar gurbi da ta kuɗi da biza su shigo hannu. Dokokin biza suna canjawa, a shafin ofishin jakadanci ake karanta su, ba a bakin dillali ba. Dillalan nan, ina roƙonku ku yi hattara. Mai fargaba shi ne kasuwarsu. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki da zai hanzarta maka amsa in ka tura kuɗi, ƙarya yake. Saƙon jami'ar Amurka yana zuwa daga adireshin da ya ƙare da .edu, na Ingila da .ac.uk, kuma kuɗin kafin alƙalami ta fotal ɗin jami'a ake biyansa.

Ka kuma rubuta shiri na biyu, a shafi ɗaya, da kwanan wata. In duk suka ce a'a, wace jami'a ce take karɓar takardu a zangon Janairu, wace ta gida za ka nema, me za ka ƙara a takardunka kafin zagayowar shekara. Wasu suna ganin rubuta wannan kamar kiran rashin sa'a ne. Ni ina ganin shi ne yake cire wa fargaba haƙori, domin abin da yake firgita mutum shi ne ya hango bango a ƙarshen hanya.

Mutanen gida kuma, da kyakkyawar niyya suke tambaya, amma kowace tambaya tana fama ciwon. Zaɓi mutum biyu ko uku da za ka riƙa buɗe wa cikinka. Sauran ka ba su amsa ɗaya mai ɗauke da lokaci: "Baba, sun ce sai watan Afrilu, da na ji zan zo in faɗa maka da kaina, a ci gaba da sa mu a addu'a." Iyaye da ke nan, don Allah in an ba ku wata, ku riƙe tambayar har watan ya kama.

A ɓangaren addini, akwai addu'ar da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari daga hammu da hazan. Malamai sun bayyana cewa hammu damuwa ce kan abin da bai zo ba, hazan kuma baƙin ciki ne kan abin da ya wuce. Mai jiran adimishan yana fama da duka biyun: yana tsoron amsar gobe, yana cizon yatsa kan takardar jiya. Ku riƙe wannan addu'a safe da yamma. Hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali kun san shi. Kun ɗaure naku ranar da kuka tura takarda. Amma kada a ce wa wanda ya kwana goma bai runtsa ba ya je ya ƙara imani kawai. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Ga alamomin da in an gan su a nemi likita: damuwa kusan kullum har mako biyu ko fiye tana hana aiki ko karatu, rama, kasa barci dare da dama a jere, ko farmakin firgici, wato bugun zuciya da ƙuncin ƙirji da jin kamar mutuwa ta zo, wanda yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka. Akwai ma'auni mai tambaya bakwai da ake kira GAD-7, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 21. Wanda ya samu 10 ko fiye ya ga ma'aikacin lafiya. Likita zai duba hawan jini da ƙarancin jini da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tairoid, domin suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitin jami'arku ma mafari ne. Kada a je kemis a sayi diyazifam ko taramol don a samu barci, suna kama mutum, fitarsu ta fi jiran wuya. Wanda kuma ya ji tunanin cutar da kansa, ya faɗa wa wani a ranar, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba: Malam, ranar da suka ce ta wuce da mako uku, in na rubuta musu ba zai ɓata mini ba?

Ba zai ɓata ba, Malama, in an yi shi sau ɗaya cikin ladabi. Rubuta wa jami'in da ke kula da masu neman gurbi a sashen, ba shugaban jami'a ba. A kan saƙon saka cikakken sunanki da lambar takardarki da sunan kwas. A ciki layi huɗu ya isa: gaisuwa, ranar da kika tura, tambayar ko akwai takardar da ta rage da lokacin da ake sa ran amsa, sai godiya. Ki jira kwana goma na aiki kafin ki sake. Abin da yake ba ki damar rubutawa kafin lokaci shi ne sabon abu mai nauyi, kamar an karɓi maƙalarki a mujalla, ko wata jami'a ta ba ki gurbi da wa'adin amsawa. A nan ki faɗi ranar wa'adin a fili, sau da yawa sukan gaya miki matsayinki.

Tambaya ta biyu: Ranka ya daɗe, shin ya fi kyau mutum ya sa rai ko ya cire rai tun yanzu?

Lokaci ne yake raba su. A farko da tsakiyar jira, sa rai ya fi, domin wanda ya cire rai tun Janairu ya sha baƙin cikin wata uku kan abin da bai faru ba. In ya rage kwana biyu ko uku, to ka fara shirya zuciyarka ga kowace amsa: inda za ka buɗe saƙon, wa za ka kira, me za ka yi a ranar. Kada ka buɗe shi kana tuƙi ko a tsakiyar aji. Kuma mutane suna yawan kai ƙiyasin zafin rashi fiye da yadda yake zuwa. A 1998 Daniel Gilbert da Timothy Wilson da abokan aikinsu sun tambayi ƙananan malaman jami'a yadda za su ji in an hana su tabbatarwa a aiki. Sun yi hasashen dogon baƙin ciki, amma waɗanda abin ya riga ya same su shekarun baya ba su kai wannan ƙuncin da ake hasashe ba.

Tambaya ta uku: Malam, ni uku sun riga sun ce a'a, saura ɗaya. Ina jin kamar ni ne ban isa ba.

Sannu, ƙanena, abin da zafi, kuma ba laifi ka yi kwana biyu kana jinsa. Amma ka san yadda ake yanke hukuncin digiri na uku. Malamin da ka ambata a takardarka wataƙila ba shi da kuɗin ɗaukar ɗalibi bana, ko yana hutun bincike, ko ya riga ya ɗauki biyu bara. Sashe yana iya samun mutum ɗari da suka cancanta, kujeru goma ne. Kwamitin jami'a ta huɗu bai san abin da ukun farko suka yanke ba, nasa zaman daban. Abin da za ka yi a wannan mako: kai takardar manufarka wajen malami ɗaya da ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai, ka roƙe shi ya karanta ta da jan biro. Ka tambayi masu rubuta maka wasiƙar shaida ko za su sake yi in buƙata ta taso. Sannan daga watan Satumba, kafin ka biya kuɗin fom ko ɗaya, ka rubuta wa malamin da kake son aiki da shi gajeren saƙo, ka ambaci maƙalarsa ɗaya da ka karanta, ka tambaye shi kai tsaye ko zai ɗauki ɗalibi a shekara mai zuwa.